Kawu Mai Lasifika da Abubuwan da Ya Daina Ji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu wata Talata da hantsi a gidansa da ke cikin garin Haɗejiya, aka kai shi makwanci bayan azahar. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗoriya yana ba da hayar lasifika, wanda kusan duk auren da aka ɗaura a unguwarmu ta cikin kayansa muryar sanƙira ta fita, ranar jana'izarsa ba a kunna ko ɗaya ba. Liman ya yi kabbarorinsa da bakinsa, na baya suka bi na gaba. Ni na hana a kawo, kuma ba wanda ya tambaye ni dalili.

A kwana ukun da muka yi ƙarƙashin rumfa muna karɓar gaisuwa, na lura kowa da nasa Kawun ya zo. Limamin masallacinmu ya ce shekara ashirin bai taɓa waiwayowa ya gan shi a sahu na biyu ba, kullum yana bayansa daidai, ya ce irin wannan himma sai wanda Allah Ya nufa da alheri. Wata mai sayar da bandar kifi ta shiga wurin matarsa, wadda muke kira Inna, tana kuka tana cewa ba ta taɓa ganin mai sauƙin kai irinsa ba, bai taɓa yin ciniki da ita ba, abin da ta ce shi ke nan. Can kuma wani tsohon abokinsa na majalisa ya jawo ni gefe, idonsa ya yi ja, ya ce shi da nauyi ya zo. Wai shekarun baya ya hango Kawu a hanyar kasuwa, ya yi ta kwaɗa masa sallama daga baya, Kawu ko waige. Ya ɗauka girman kai ne ya shige shi tun da ya sayi babur, sai shi ma ya janye jiki. Daga baya da labarin kunnen ya fito fili ya gane kuskurensa, amma kunya ta hana shi zuwa, ga shi har ƙasa ta rufe ido.

Ina gefe ina amsa addu'a, ina kuma cizon leɓe kada murmushi ya kuɓuce mini a gidan mutuwa. Duk su ukun gaskiya suka faɗa, kuma duk abu ɗaya suke ba da labari ba su sani ba. Sahun gaba ya koma ne lokacin da ya daina jin kabbarar liman, sai dai ya bi motsinsa da ido. Ciniki kuwa ya bari ne don ba ya jin abin da mai kaya ta faɗa, kuma yana jin nauyin ya ce “me kika ce” har sau uku a tsakiyar kasuwa. Ban ce ba shi da ibada ba, ban ce ba shi da sauƙin kai ba, duk yana da su. Inda larura ta tsaya hali ya ɗauka ne ban sani ba, wannan sai Allah.

Duk wannan da kunnen dama nake sauraro, don na hagun yana can yana nasa aikin, wani siririn kuka irin na sauro wanda ba ya tashi. Ni ne na gaji kayan sautin Kawu, don 'ya'yansa duk mata ne. Shekara huɗu yana bina in je a duba kunnen nan, in kuma rage ƙarar kayan da ya bar mini, ni kuma ina ce masa sai bayan Sallah. Ranar da muka binne shi ban je ba tukuna.

Wanda bai san Kawu da ƙuruciya ba zai zaci tun asali mai shiru-shiru ne. Ina! Shi ne farkon wanda ya ɗaura lasifika a kan bishiyar maina a unguwarmu, irin mai baki kamar mazurari, kuma daga Jahun har Birniwa ba ƙauyen da babur ɗinsa bai shiga ba. In damina ta yi nisa ruwa ya shanye hanya, a kwalekwale ake shiga ƙauyukan wajen Auyo. Sai ya naɗe amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, cikin leda da tsohon bargo ya rungume ta a cinya, janareta a tsakiya, mai fito yana gunaguni yana cewa jirginsa ba motar ɗaukar kaya ba ce. Da na gama sakandare na rasa abin yi, mahaifiyata ta miƙa ni gare shi, ta ce ga shi nan, ko ɗaukar waya ya koya.

A wancan lokacin, har yanzu ma a wasu wuraren, da nisan da kiɗa ya kai ake auna girman biki. Uban amarya zai tura wani a keke zuwa ƙauyen gaba, ya tsaya bakin rijiya ya tambayi mutane ko suna ji. In ya dawo ya ce ana ji raɗau, sai a saki fuska, a aiko wa mai lasifika tuwon shinkafa da kan kifi. In kuwa ya ce sama-sama ake ji, uban amarya da kansa zai zo ya tsaya a kan Kawu ya ce, “Malam, 'yar tawa fa ba bazawara ba ce. A ƙara.” Kawu ya murɗa, kaji su watse. Shi kuma wurin zamansa gindin lasifikar ne daidai, don wayarsa gajera ce, kuma a cewarsa mai kaya ba ya nisa da kayansa, ga yara ga awaki. Tun daga kamu har a kai amarya yana nan. In mun dawo gida kunnuwansa su yi kwana biyu suna shuu kamar ana ruwa a kan kwano. Ya sa wa abin suna gajiyar biki, har yana alfahari da shi. In bai ji shuu ɗin nan ba sai ya ce yau ba mu yi aiki ba, zaman makoki muka je.

Abin da ya fi cin raina da son sani shi ne yaushe abin ya fara, kuma ta yaya mutum zai yi shekaru yana rasa ji a gari irin namu, inda in ka canza hula ma sai an yi maganarka, ba a gane ba. Da na zauna na yi tunani sai na ga ashe gaisuwarmu ta yi wa mai ciwon kunne gata. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, duk a jere suke zuwa, amsoshinsu ma a jere. Ko ba ka ji komai ba, in ka ce lafiya lau, ba gajiya, alhamdu lillahi, madalla, ka fita. Kawu ya ƙware a wannan har ya wuce nan. In ana ba shi labari fuskar mai magana yake kallo. In ya ga dariya ya yi dariya, in ya ga an ɓata rai ya ce Allah Ya kyauta, in kuma fuskar ba ta nuna komai ba sai ya girgiza kai ya ce ikon Allah. Ku gwada ku gani, ba labarin da ikon Allah ba ta shiga.

Na tambayi mahaifiyata, ta ce ita ba za ta iya raba ranar ba, don yayan nata tun suna yara kunnen ƙashi gare shi, in bai ga dama ba ko da tambari ka kira shi ba zai amsa ba. Na tambayi Inna tana cikin takaba. Ta ce ita a wurin ƙofa ta gane. Ƙyauren ɗakinsa na da wani ƙiii da ya tsana, duk mako sai ya ɗiga masa baƙin mai yana faɗa. Wata shekara sai ta lura ƙyauren ya fi wata guda yana kuka, maigidan bai ce uffan ba. Ta ce a lokacin har daɗi ta ji, ta ɗauka girma ne ya zo, ya yi sanyi.

Ni kuwa ranar da na sani a kan ruwa ce. Mun kwana biyu a wani biki a wajen Auyo, muna dawowa da safe a kwalekwale, ruwa ya kwanta ko'ina, sai kan shinkafa da ciyawar kachalla ake gani. Sai ga garken kirinjijiya, agwagin ruwan nan masu fito, sun taso ta kanmu, suna ta fitonsu har sararin ya cika. Kawu ya ɗaga kai ya bi su da kallo. Ya ce tsuntsayen yanzu abin tausayi ne, a da in kirinjijiya suka taso ba ka jin maganar na kusa da kai, yanzu kuwa dubi yadda suke wucewa tsit. Har ya fara neman dalili, ko maganin feshin da ake zuba wa shinkafa ne ya shaƙe musu murya, ko kachallar nan ce da ta cinye musu wurin kiwo.

Mai fito ya dube ni. Ni kuma na dubi ruwa. Kawu ya ga kallon da muka yi.

Ya ce, “Suna yi ko?”

Na ce, “Suna yi, Kawu.”

Da muka isa gaɓa shi ya fara sauka, ya karɓi janareta, muka ɗora kaya a babur kamar kullum.

Na zaci zai kwanta baƙin ciki, ko ya ce sammu ne. Ban san kawuna ba ashe. Wannan mutum ne da in rediyo ta lalace ba ya barci sai ya kwance ta ya ga abin da ya ƙone, to haka ya ɗauki kunnensa. Ya shiga bincike. Ya tara 'ya'yansa yana tambayarsu ɗaya bayan ɗaya: gyare yana nan har yanzu? Agogon bangon nan yana ƙas-ƙas? In an zuba albasa a mai tana yin ƙara kamar da? Ya buga cokali a kofi ya ji, ya buga a faranti bai ji ba, ya zauna yana mamaki. A haka ya gano cewa sirarun sautuka ne suka fara tafiya, masu kauri suna nan. Shi ya sa yake jin ganga da tsawa da muryar mahauci, amma maganar jikokinsa ta zame masa kamar ana yi a bayan bango. Ya gwada man zaitun, ya gwada gashin kaza, wanzami ma ya leƙa ya ce dauɗa ce. Da duk suka ƙi, ya hau mota ya tafi babban asibiti a Kano.

Ya dawo da wata takarda da likita ya zana masa cikin kunne, don ya tsare mutumin da tambaya har sai da ya ɗauki biro. Ranar a zaure ya shimfiɗa ta yana yi mana karatu. Ya ce can ciki akwai wasu 'yan gashi ƙanana da ido ba ya gani, su ke karɓar sauti, kuma ƙara mai yawa kwantar da su take yi. Ya ce kamar shinkafa ce da ambaliya. In ruwa ya bi ta kanta ya wuce da wuri za ta miƙe, in ya daɗe a kanta ta ruɓe ke nan. Shuu ɗin da yake kira gajiyar biki, ashe alamar sun kwanta ce. Bambancin kawai, in ji shi, shinkafa ana sake dasawa, wannan kuwa likita ya ce ba iri a kasuwa. An ba shi 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne, ta taimaka masa a ɗaki in mutum ɗaya ke magana, amma a taro sai ta haɗa masa komai wuri ɗaya, ya cire ta ya sa a aljihu.

Daga nan aka samu sabon Kawu, wanda garin ya daɗe bai san yadda zai yi da shi ba. Ya sayo doguwar waya naɗi guda, ya mayar da wurin zamanmu can nesa da lasifika. Ya ɗaga lasifikokin sama, ya kawar da bakinsu daga inda mata ke taruwa. Bayan 'yan waƙoƙi sai ya kashe ya ce a sha ruwa, kunne ya huta. Ya kuma zo da wani ma'auni nasa wanda ba ya bukatar na'ura: ka miƙa hannu ka dafa kafaɗar na kusa da kai ka yi masa magana. In sai ka ɗaga murya zai ji ka, to kunnenku duka biyu yana cin wuya, a rage ko a matsa. Tun da shi ba zai iya gwadawa ba, ni yake sawa in yi, yana kallon jijiyar wuyana. A aljihunsa kullum akwai gwangwanin man zafi da ya wanke ya cika da 'yan soson toshe kunne da yake sayowa a Kano, don likita ya ce masa auduga ba ta tare abin kirki. Makaɗa, masu injin casar shinkafa, masu walda, duk ya bi su da gwangwanin nan. Wasu su karɓa don kunya su jefa a aljihu. Samarin da ke yawo da abin sauraron waƙa a kunne kuwa, in ya tare ɗaya sai ya tambayi na kusa ko yana jiyo waƙar daga inda yake. In aka ce ana ji, sai ya ce wa yaron, to kai da unguwa kuke saurare, rage. A majalisa aka sa masa suna mai lasifikar da ya tuba.

Akwai ranar da ba na mantawa, a wani ƙauye kan hanyar Birniwa. Ana tsakiyar wuni, mata sun cika fili, sai ya hango wata tana rawa da goyo, ta ba akwatin sauti baya, kan jaririn bai fi taki ɗaya da shi ba. Bai yi shawara da kowa ba, ya kashe. Kun san yadda fili ke yi in kiɗa ya yanke ana tsakiyar juyi. Uwar biki ta taso da mayafi a hannu tana tambaya ko mai ne ya ƙare. Ya nuna mata goyon. Matan suka yi masa caa, suka ce ai yaron barci ma yake, ya saba, tun yana ciki yake zuwa biki. Kawu ya bari suka gama, don dama rabin abin da suke faɗa bai ji ba, sannan ya ce, “Barci yake, na gani. Ido ne ke da murfi, Hajiya. Kunne ba shi da shi.” Ya ce ba zai kunna ba sai an kai yaron wurin kakarsa a cikin gida. Aka kai shi, ana harararmu. Mun yi shekaru ba a sake kiranmu garin ba, kuma ban ɓoye masa ba cewa na ji haushi.

Nan ne bakin zaren rigimarmu. Da ƙarfinsa ya ragu ya sakar mini kayan, zamani ya riga ya canza. Yaran nan masu sa kiɗa a biki da ake kira dije sun cika gari, kowa da akwatuna jibga-jibga masu sa ƙirji rawa, kuma abokan ango ba sa tambayar komai sai wa ya fi ƙara. Ni ma ina da iyali. Na sayo manya guda huɗu, na naɗe doguwar wayar Kawu na jefa a bayan ƙyaure, na koma gindin kaya, don a nan ake ganinka a san kai ne mai wurin. Soson kunnen ma na daina sawa, wai kada a ce tsufa ya kama ni.

Wata ranar Asabar ana biki a bayan unguwarsu, sai ga shi da sandarsa. Ya je ya ɗora tafin hannunsa a jikin akwatin, ya ji yadda yake kaɗawa, ya dubi yaran da suka kewaye shi, sannan ya zagayo ya murɗe ƙarar da hannunsa a gaban mutane. Raina ya ɓaci. Na kawar da kai gefe na ce, shi da ba ji yake ba, ina ruwansa da ƙara. Ban san ya ga bakina ba. Ya kamo haɓata kamar ina ɗan shekara bakwai, ya juyo da fuskata.

Ya ce, “Maimaita, ɗan nan. Ka dube ni ka faɗa, don in ji da kyau.”

Na kasa. Ya jira, na kasa. Sai ya sake ni ya ce ba komai, dama kurumta tana da amfani guda ɗaya, mutum yakan zaɓi abin da zai ce bai ji ba. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Washegari na je ba shi haƙuri a zaure. Ya ture maganar gefe, ya tambaye ni tun yaushe kunnena na hagu yake kuka. Na ce wa ya ce yana kuka? Ya ce ba wanda ya ce. Ya ga na mayar da waya kunnen dama alhali da hagu na saba, ya ga ina karkata kai in ana magana, irin karkatar da shi ma ya yi shekaru yana yi yana cewa wuyansa ne ke ciwo. Ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, balle wannan gemun kawunka ne, kuma a gabanka ya ƙone ƙurmus. Na rantse masa lafiyata ƙalau. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Muddin ban je ba, ina iya ce wa kaina gajiyar biki ce. Haka muka yi ta yi, ya ce asibiti in ce bayan Sallah, ya ce asibiti in ce bari kakar aure ta wuce. Bai taɓa gajiya da tambaya ba, ni ma ban taɓa rasa uzuri ba.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba, kwana tara ne. Ranar Talatar aka aiko mini da safe, na tarar numfashi ya fara sama. Inna da mahaifiyata da babbar 'yarsa suna ɗakin, ni kaɗai ne namiji, sai aka ce in matsa in laƙƙana masa kalmar shahada, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya zo gargara. Na durƙusa na kai bakina kunnensa na faɗa a hankali, yadda na ga ana yi. Ba alama. Na zagaya ɗaya kunnen. Na ɗaga murya kaɗan, na ƙara ɗagawa, har na ji kaina ina yi wa mai mutuwa tsawa da sunan Allah. Idonsa a buɗe yana kallon rufi, bai san ma ina yi ba. Na'urar tana kan taga, amma ta daɗe da daina yi masa amfani.

Inna ce ta dafa ni ta ce in matsa. Ta sa aka ɗage labule haske ya shigo, ta hau bakin gadon ta zauna inda hasken zai faɗa a fuskarta. Ta tallafo kansa da hannu biyu har idonsa ya sauka a kanta. Sannan ta fara faɗa, ba da ƙarfi ba, kusan ma ba sauti, tana buɗe baki a hankali, kalma bayan kalma. Sau biyu ta yi. A na uku muka ga leɓɓansa sun bi nata har ƙarshe. Bai daɗe ba bayan wannan.

Na yi kuka don Kawu, amma ba zan yi ƙarya a rubutun ta'aziyya ba, rabin kukan na kaina ne. Na ga gadon, na ga kaina a kai, na tambayi kaina wa zai san ya ɗage labule.

Bayan sadakar bakwai na hau motar Kano. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki mai shiru, aka kifa mini abin sauraro, aka ba ni wani maɓalli a hannu, aka ce duk sanda na ji ƙara in danna. Ta dama na yi ta dannawa. Ta hagu kuwa na daɗe zaune ina jira, ina hango ma'aikaciyar ta gilashi tana rubutu, na san ana yi ni ne ba na ji. Likita bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce abin da ya tafi a hagu ya tafi, kukan ma wataƙila mu tsufa tare. Na dama ya fara taɓuwa amma da sauransa da yawa, kuma ko zai kai ni tsufa ko ba zai kai ba, yana hannuna. Abin da ya lissafa mini duk na riga na ji a zaure kyauta: a rage, a nisanta, a toshe, a huta. Tun daga ranar haka nake aiki. Biyu daga manyan akwatunan na sayar, kuma an riga an fara cewa kayana ba su da ƙarfi, wasu abokan ango sun koma wurin yara. Ina jin zafin hakan, ba zan ce ba na ji ba.

A ranar da na dawo, tun a mota nake shirya yadda zan gaya wa maiɗakina, don a sanina ban taɓa bari ta gane ba. Na iso bayan la'asar, ta kawo abinci ta zauna. Na yi gyaran murya na ce ina da magana, na je asibiti, kunnena na hagu ya samu matsala. Ba ta ko ajiye ludayin ba.

Ta ce, “Na sani, Malam. Shekara uku ke nan Kawu ya zo ba ka nan. Ya ce in riƙa zama ta damanka, in zan yi maka magana in bari sai ka dube ni, in kuma hana yara kiranka daga baya.”

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta ce shi ya hana. Ya ce mata namiji in aka kunyata shi a kan kunnensa ƙara murɗawa yake yi, a bar ni sai ranar da na je da ƙafata.

Na dubi inda take zaune. Ta dama ne. Na dubi ƙaramar 'yarmu da ta shigo da gudu, ta zagayo har gabana, ta tsaya sai da na kalle ta sannan ta ce sannu da zuwa. Shekara uku gidana kaf yana lallaɓa ni bisa umarnin mutumin da nake ce wa sai bayan Sallah, ni kuwa ina ta yawo ina ganin na iya ɓoyo.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya ba Inna da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Allah Ya sa sallamar 'yan Aljanna ce za ta tarbe shi, ya ji ta da kunnuwansa biyu, ba sai ya kalli bakin kowa ba.